Saƙon da Goggo Ta Sa Aka Jefar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo, yayar mahaifina, ta rasu a Riyad ranar wata Talata da hantsi. Bayan la'asar aka sallace ta, maza suka tafi kai ta, mu mata muka zauna a falonta na unguwar Murabba muna karɓar gaisuwa.

Falon bai ɗauke mu ba. Matan ma'aikatan ofishin jakadancinmu sun zo da abayoyinsu masu ƙamshi, sun cika kujeru. 'Yan aikin gidaje, mutanen Maradi da Damagaram, waɗanda sai da suka roƙi iyayen gidansu kafin a bar su su fito, suka zazzauna a ƙasa har bakin kicin. Mazan da ke aiki a rumbunan ajiya na Sana'iyya, unguwar masana'antu, kuwa a kan matakala suka tsaya bayan an dawo daga maƙabarta, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Suna shiga ɗakin mijinta, wanda muke ce wa Baban Murabba, su durƙusa a gaban kekensa. Shi kuma, da yake shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana tun shekarun baya, sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya ɗora wa mutum a ka. Wani ƙato daga cikinsu na ga ya fito yana kuka wiwi, yana cewa, "Wa zai ƙara tambayarmu ko mun ci?"

Ina cikin zuba gahawa wata matar babban ma'aikaci ta ɗauki dabino, ta yi ajiyar zuciya, ta ce wa ta kusa da ita, "Ashe dai da gaske Hajiya ba ta da lafiya. Mu da muke ganin ta ɓul-ɓul, mun ɗauka son jiki ne irin na manya."

Ni ba a san ni da haƙuri ba, ko Goggo ta sha cewa da bakina aka fara halitta ta kafin sauran jiki. Saura kaɗan in tuntsurar wa matar nan da butar a cinya, darajar gidan makoki ce ta hana ni. Abin takaicin ma, ciwon da Goggo ta yi fiye da shekara ashirin tana fama da shi ba shi ya kashe ta ba, zuciyarta ce ta tsaya. Wato har a mutuwarta ba su gane ba.

Washegari Baba ya kira ni daga Kano. Bayan mun yi wa juna gaisuwa, ya ce, "Na san ki da baki. Maganar man nan, a binne ta tare da mai ita."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Komai ka ce ina cewa to, amma ban da wannan."

Ba zan kama sunan kowa ba. Amma zan faɗa, domin idan na yi shiru, nan da shekara biyu abin da za a riƙa tunawa shi ne wata tsohuwa mai tuwon Juma'a wadda ke salla a kan kujera, ba wanda zai san dalilin kujerar.

Aure ne ya kawo ni Riyad, mijina ma'aikaci ne a ofishin jakadanci. Goggo kuwa ta riga ni da shekaru masu yawa, tun mijinta na tuƙa mota a wani kamfani. Ranar da na fara zuwa gidanta na ruga zan rungume ta, sai ta ɗaga mini tafin hannu. "Daga nan, 'yar nan. Gaisuwar nesa ta fi daɗewa." Na ji haushi, na ɗauka girman kan zaman Saudiyya ne. Daga baya na gane ko gefen mayafi ya goge ta a kafaɗa a ranar da ciwon ya motsa, ji take kamar an ɗora mata garwashi.

Ciwon ba shi da mazauni. Yau yana wuya, gobe yana ƙugu, jibi ya sauka tafin ƙafa. Ta kwanta da gajiya ta tashi da wadda ta fi ta. Sanyin na'ura ya dame ta, zafin Riyad ma ya dame ta, sai ka tarar da ita a tsakiyar bazara ta ƙure na'urar sanyi kuma ta lulluɓa da bargo. An ɗauki jini, an ɗauki hoto, an shigar da ita injin nan mai kama da kabari, kowane likita ya ce lafiyarta ƙalau. Dangi suka ce sammu ne, aka yi ta aiko da rubutu da hayaƙi. Maƙwabta suka ce raki ne. Ita kuwa takan ce, "Ciwon da ba ya kumbura ba shi da mai jinya."

Ranar da wata likita ta sa masa suna, ni na raka ta. Likitar ta ce sunansa faibromayaljiya, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suka zama masu ƙarin gishiri, ba ya kisa, amma kuma ba a san maganin da ke raba mutum da shi ba. Na zaci Goggo za ta karaya. Sai na ga tana murmushi. Muna fita ta ce, "Maimaita mini sunan." Na maimaita. Ta ce, "Kai, wannan ai sunan 'yar sarauta ne. Alhamdu lillahi, ashe ba ƙarya nake yi ba." Tun daga ranar take ce masa Mai Dogon Suna. Idan ka tambaye ta jiki, ta ce, "Mai Dogon Suna ta kwana a gadon bayana, ko sallama ba ta yi ba."

Duk da haka ba ta taɓa fasa tuwon Juma'a ba. Ba ta iya tuƙi, ba ta iya ɗaga tukunya, sai ta sa a kai mata kujera bakin kicin ta zauna tana ba da umarni kamar direban tasha. "Ke, wannan kukar kika kaɗa ko wanka kika yi mata? Ƙara daddawa. Mutanen nan sati guda suna cin burodi da shayi." Ana saukowa daga masallaci mazan Sana'iyya za su fara hawowa da robobinsu. Ta san wanda matarsa ta haihu a gida, ta san wanda kafilinsa, wato ubangidan da zamansa a ƙasar ke hannunsa, ya riƙe masa takardu. Wanda duk ya rame sai ya sha faɗa kafin ya sha miya.

A bakin wannan tukunyar na san 'yar ɗakinta. Mutuniyar Maradi ce, ba yarinya ba, ta bar 'ya'ya a gida wajen uwarta ta zo rainon 'ya'yan wasu Larabawa a arewacin gari. Juma'ar da aka ba ta hutu, ita ke tuƙa tuwon. Inna take ce wa Goggo, kuma ita kaɗai ta iya matsa mata ƙafa ba tare da ta ce wash ba.

Abin da ya fi ci wa Goggo rai ba rashin barci ba ne, sujada ce. Ciwon ya kai ta inda idan ta kai ƙasa ba ta iya tasowa sai an ɗaga ta, ɗagawar kuma wata azaba ce. Dole ta koma salla a kujera. Ta san addini ya yi mata rangwame, ba sai wani ya karanta mata ba. Amma takan ce, "Na sani an karɓa. Ni ce dai nake kewar ƙasa."

Sai 'yarta, taubashiyata, wadda ke aure a Ingila, ta haihu. Goggo ta tafi wankan jego, muka karɓi jinyar Baban Murabba har wata uku, ni da ɗan Goggo da ke nan Riyad. A can taubashiyata ta kai ta wajen likitan masu ciwo mai daɗewa. Bayan ya ga jerin ƙwayoyin da ta sha ba su yi ba, ya kawo maganar wani mai da ake tatsa daga ganyen wiwi, a tace shi a rage abin da ke bugarwa, a riƙa ɗiga kaɗan a ƙarƙashin harshe. Bai ruɗe ta ba. Ya ce ba warkarwa yake yi ba, wasu yana rage musu zafi ya ba su barci, wasu ba ya yi musu komai, kuma masana ba su gama bincike a kansa ba. Ya kuma ja kunnensu cewa halaccinsa a ƙasar ya tsaya, kada a kuskura a tsallaka da shi.

Goggo ba ta taɓa shi ba sai da ta sa aka kai ta wajen malamin masallacin unguwar. Ya ce mata malamai sun yi saɓani, amma akwai waɗanda suka sauƙaƙa idan likita ne ya rubuta don lalura kuma ba ya gusar da hankali. Daga nan ta kira ƙanenta, Babana, ta gaya masa da bakinta, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

Baba ya yi salati. "Yaya, wiwi? Da tsufanki? Me za a ce da mu a gari?"

Ta ce, "Allurar da aka yi maka ranar da aka yanka ka a asibiti, ka tsaya ka tambayi daga wane ganye aka tatso ta? Ko kuwa ihu kake a zo a yi maka?"

"Wannan daban."

"Daban ne don a jikinka yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na goya ka, kada ka koya mini tsoron Allah."

Sun yi wata biyu ba sa waya. Baba har yau bai sauko daga ra'ayinsa ba, ni kuma ban ce ba shi da hujjarsa ba. Amma bai ga abin da na gani ba.

Wata rana da la'asar taubashiyata ta kira ni a waya mai hoto, ta sa yatsa a baki alamar in yi shiru, ta juya wayar. Ga Goggo a kan darduma, goshinta a ƙasa. Ta daɗe a haka har na fara tsorata. Sannan ta ɗago da kanta, ba mai riƙe ta, ta zauna, ta sake komawa. Ina tsaye a kicin ɗina da ludayi a hannu na yi ta kuka. Ba wai ciwon ya tafi ba ne, ita da kanta ta ce yana nan, sai dai ya koma bayan ƙofa ya zauna. Tana barci, tana tashi da ƙarfinta, tana ɗaukar jaririn.

Da wata ukun suka cika, 'yarta ta roƙe ta ta zauna. Ta ce, "In zauna in bar wa wa mijina? Mutumin da ba ya iya cewa a ba shi ruwa?" Takardun zamansa da asibitinsa duk a Riyad suke, ba inda za a kai shi. Ta ajiye kwalbar a kan teburin 'yarta, ta hawo jirgi. A nan ƙasar ba ruwan doka da an tace ko ba a tace ba, ko likitan wata ƙasa ya rubuta. Wanda aka kama da shi a filin jirgi ya shiga uku, balle baƙo, balle baƙar fata 'yar aiki. Kafin wata guda Mai Dogon Suna ta dawo da kayanta, Goggo ta koma kujera.

Yanzu sai in yi maganar saƙo, don wanda bai zauna a waje ba ba zai gane yadda abin ya faru ba. Mu a nan ba mai tafiya hannu rabbana. Duk mai tashi, sai an haɗa shi da ƙullin wani: yaji, kuka, turare, atamfa, maganin gargajiya. Kuma ba a buɗe saƙo, ba a tambayar abin da ke ciki. Ka ce wa mutum "mene ne a ciki?" kamar ka ce masa ɓarawo ne. Haka muka taso muka gani, haka muke yi, muna ma alfahari da shi.

Kowace bazara iyayen gidan 'yar ɗakin Goggo sukan tafi hutu Ingila da ita saboda yara. Ita ke kai wa taubashiyata daddawa da kuɓewa busasshiya, ta dawo wa Goggo da safa mai kauri da man zafi. An saba, ba wanda ya taɓa sa wa abin ido.

Bazarar da ta biyo bayan jegon, ina gidan Goggo wata Laraba kafin azahar. Kwana biyu ke nan ba ta sauko daga gado ba. Sai ga wayar 'yarta, na sa mata a lasifika don hannunta ba ya riƙe waya. Bayan gaisuwa taubashiyata ta sassauta murya, ta ce, "Umma, na sa miki abin nan a cikin saƙo. Na juye shi a kwalbar man habbatus sauda, ba mai ganewa. Jiya na kai wa 'yar ɗakinki, yau za su taso."

Goggo ta ɗago kai daga matashi. Sannan ta ce, "Ta san abin da ta ɗauko?"

"A'a, ai gara da ba ta sani ba, hankalinta zai fi kwanciya. Umma, ba zan iya ci gaba da jin muryarki a haka ba."

"Kashe wayar nan," in ji Goggo, da ni take. "Kira mini 'yar ɗakina."

Na kira, ba ta shiga. Wayarta sai a cikin gida take kamawa, su kuma sun riga sun fita. Taubashiyata ba ta da lambar uwar gidan matar, garin da ita taubashiyar take kuma da nisa da filin jirgin. Na tsaya ina ta maimaita kira kamar wadda aka ɗaure. Da na waiga, Goggo ta sauko da ƙafafunta daga gado tana laluben abaya.

Na ce, "Goggo, ina za ki a haka?"

"Gidan da take aiki. Tsohuwar gidan ba ta bin su tafiya. Ɗauko makullin motarki, ki bar kallona."

Gidan Goggo a hawa na biyu yake, ba na'urar hawa. A zaune ta sauka, tana jan jiki daga matakala zuwa matakala, gumi na ɗiga daga haɓarta. Na miƙa hannu, ta ce kada in taɓa ta. Ban taɓa jin ta yi nishi irin na ranar ba, kuma ba ta tsaya hutawa ba sai a cikin mota.

Mun isa ana tsakiyar zafin rana, lokacin da ko kyanwa ba ta yawo a Riyad. Mai gadi ya leƙo ya ce mutanen gida sun yi tafiya, tsohuwa kuma tana barci, mu dawo bayan la'asar. Goggo ta fito daga mota, ta dafa ƙarfen ƙofar da ke ƙuna, ta ce masa da Larabcinta irin na tsofaffin gari, "Je ka tashe ta. Ka ce wata tsohuwa ce a tsaye a rana, kuma ba za ta zauna ba sai ta gan ta." Ya dube ta, ya dube ni, ya shiga.

Tsohuwar ta karɓe mu a falo, fuska ba walwala, da sandarta a hannu. Ni a hanya na shirya ƙaryar da za mu yi, cewa an yi rasuwa a Maradi. Goggo ba ta ko bari na buɗe baki ba. Ta ce, "Mai rainon jikokinki tana ɗauke da saƙona. A ciki akwai maganin da aka halatta a can, aka haramta a nan. Ba ta sani ba. Laifin gidana ne. Idan akwai wanda za a kama, ga ni, ga takardar zamana. Amma ki taimake ni kada ta hau jirgi da shi."

Da wannan maganar kaɗai tsohuwar na iya sa a kwashe mu duka. Ta daɗe tana kallon Goggo, tana kallon yadda ƙafafunta ke rawa. Ta ce, "Maganin mene ne?"

"Na ciwon jiki."

"Yana yi?"

"Ya yi mini."

Tsohuwar ta dubi nata gwiwoyin da suka kumbura, ta girgiza kai. Ta ɗauki waya ta kira surukarta, ba ta yi mata bayanin komai ba, ta ce kawai a ba mai raino waya, uwarta na son magana da ita. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ranar na ga haka da idona.

Muryar 'yar ɗakin Goggo ta fito cikin hayaniyar filin jirgi. "Inna? Lahiya? Mi ya hwaru?"

"Lafiya lau. Kuna ina?"

"Muna layin awon kaya, saura mutum kaɗan a gabanmu."

"Saƙon da 'yata ta ba ki fa?"

"Ga shi cikin jakata, ban bari ya yi nisa da ni ba."

"Ciro shi. Nemi kwandon shara ki jefa, duka, kada ki kwance."

"Inna, amana ce hwa. Ni ban taɓa yar da saƙon mutum ba. In ya yi nauyi ne, sai in rage kayana."

Goggo ta ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ta yi wa matar nan ba. "Amanar tawa ce ko taki? Na ce ki jefa! Idan kika hau jirgin nan da shi, ba ni ba ke har abada."

Muka ji takunta, muka ji kukan yaro, muka ji wani abu ya faɗa. Ta dawo tana shessheƙa. "Na jefa, Inna. Mi na yi miki?"

"Ba ki yi komai ba, 'yar albarka. Allah ya kawo ku lafiya."

Muka kamo hanya a mota har muka kusa Murabba. Sannan Goggo ta ce, tana kallon taga, "Kin san wani abu? Da yarinyar nan ta ce ta sako shi, wallahi sai da zuciyata ta yi murna kafin ta tsorata. Har na ji ɗacinsa a ƙarƙashin harshena." Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. "Wata uku na yi barci irin na mutane. Amma ba zan yi sujada a kan wuyan 'yar mutane ba."

Hawan matakalar ya fi saukar wuya. Sati biyu ta yi a kwance bayan wannan fitar.

Faɗan da ta yi wa 'yarta ban so in maimaita shi duka. Taubashiyata tana kuka tana cewa don tausayi ta yi. Goggo ta ce, "Tausayina kika ji, ita kuma da ba uwarki ba ce sai ki sa ta a bakin kura? Ita ma uwar wasu ce." Ni ma na ƙara wa taubashiyata da nawa, na ce da ma tun muna yara wayonta a tafin ƙafa yake, ta ce in rufe mata baki. Sun daɗe kafin su shirya, kuma sai da taubashiyata ta yarda da bakinta cewa ta yi ganganci. Na san son uwa ne ya rufe mata ido, har yau tana jin kunyar abin.

Goggo ta kafa mana sharaɗi, kada wanda ya gaya wa 'yar ɗakinta abin da ke cikin ƙullin muddin tana aiki a ƙasar nan. Ta ce tsoro zai hana ta sakewa, kuma magana ba ta da ƙafa amma tana zuwa kunnen kafili.

Sannan ta ɓullo da dokar da ta ja mata baƙin jini. Duk saƙon da zai bi ta gidanta, fita ko shigowa, sai an kwance shi a gaban mai ɗauka, a buɗe kowace kwalba, a shinshina. Mutane suka ji haushi ƙwarai. Wata ta kwashe ƙullinta ta fita tana cewa ba a taɓa yi mata irin wannan wulaƙanci ba. Goggo ta ce, "Ki gaida gida. Wanda ya ji kunyar a buɗe, ya ɗauka da kansa." Nata saƙon take fara zazzagewa a tsakiyar falo, har ɗan kamfai in akwai, tana dariya. A hankali abin ya bi gidaje. Yau a cikin mutanenmu na nan, idan ka ba wani saƙo ka ga ya ce "mu buɗe irin na Hajiya," daga nan abin ya samo asali, ko da yake yawancinsu ba su san dalili ba.

Sauran shekarunta ta yi su da abin da ya samu. Ƙwayoyin asibiti masu sa ta jiri, ruwan ɗumi, da tafiya a hankali a lambun da ke gefen gidan tarihi idan rana ta yi sanyi, tana dafe da keken mijinta, wai ita ke tura shi alhali shi ke riƙe da ita. Sau da yawa 'yarta ta ce ta zo ko na wata ɗaya ne ta huta. Ta ce jikin Baban Murabba ya yi nisa, ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nata. Ba ta sake fita ƙasar ba, ba ta kuma sake kai goshinta ƙasa ba.

'Yar ɗakinta ta gama aikinta lafiya, ta koma Maradi shekara biyu kafin rasuwar. Labari bai kai mata da wuri ba, sai bayan an yi bakwai ta kira ni. Muka yi kuka, muka yi addu'a. Ina jin hayaniyar gida a bayanta, ana daka, akuya na kuka, wani jariri na tsala ihu, ta ce jikanta ne na fari.

Har za mu yi sallama sai ta ce, "Akwai abin da ke ci mini rai. Saƙon nan da Inna ta sa na yar. Har yau ina ganin kamar wani laihi na yi mata, ta ɓoye mini. Ke kina wurin. Don Allah mi ke ciki?"

Sharaɗin Goggo ya ƙare tun ranar da matar nan ta bar ƙasar. Na gaya mata komai, da man, da jegon, da matakalar, da abin da zai same ta da an buɗe jakarta a filin jirgin Riyad.

Sai ta ce, da wata irin murya, "Kenan da shi ta samu ta yi sujada?"

Na ce, "Da shi."

"Kuma ta ce in jefa."

"Ta ce ki jefa."

Ban ji ta yi kuka ba. Ji na yi ta ɗaga murya tana kiran 'ya'yanta, na ɗaki da na waje, tana cewa kowa ya bar abin da yake yi ya zo. Ta ce mini, "Kada ki kashe. Ɗiyana za su yi miki gaisuwa, don uwarsu ce ta rasu."

Na zauna a bakin gado riƙe da waya. Suka riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, muryoyin da ban taɓa ji ba, kowa na cewa Allah ya jiƙan Inna, ina cewa amin. Daga ƙarshe ta kara wayar a bakin jaririn, ya yi ta ihunsa a kunnena, na ce masa amin shi ma.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya shimfiɗa mata ƙasa mai taushi.